Fagen Sani: Yadda kurma zai san an kira shi a talho

Yau salula ta shiga ƙauye, ta shiga ruga. Da ita ɗan cin rani da ke Abijan ko Legas yake aiko da labari gida. Da ita ake jin kuɗin hatsi a kasuwa, ake sanar da haihuwa da rasuwa. To amma salula kuka take yi, kurma kuwa ba ya jin kuka. Haka ma tsohon da kunnensa ya yi nauyi. Sai a kira shi sau uku, talho na cikin aljihu, bai sani ba. Mai kira ya yi fushi, ya ce an ƙi ɗauka.

Masu wannan lalura suna da yawa. A shekara ta 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyon 430 ne ke da rashin ji mai tsanani. A Nijar, sanƙarau da ƙyanda da ciwon kunne mai ruwa sun kurmantar da yara da dama. Abin mamaki, Graham Bell, wanda ya ƙago talho a Amurka a 1876, malamin kurame ne. Matarsa ma kurma ce.

Dabarar guda ce. Abin da kunne bai ji ba, a sa ido ya gani, ko jiki ya ji. Hanyoyin uku ne.

Ta ɗaya tana cikin salula, ba a biyan ko dala. Kusan kowace salula tana iya karkarwa in an kira. Mai gyaran talho ko wani yaron gida zai iya kunna wannan. Sai a sa ta a aljihun da ke manne da jiki. In tana cikin aljihun babbar riga ko cikin burgami, ba a jin motsinta. Manyan salula da yawa kuma suna ƙyafta fitilarsu in kira ya shigo. Wannan ya fi amfani da dare.

Ta biyu agogon hannu ne na zamani. Ana haɗa shi da babbar salula ba tare da waya ba, ta hanyar da ake kira Bluetooth. In an kira, agogon ya yi karkarwa a hannu. Yana taimakon mai noma da mai daka. Amma kada salula ta yi nisa da shi fiye da metir 10, wato kamar taki 12. Kuma yana son caji.

Ta uku naʼura ce da aka ƙera don kurame. Kashi biyu ce. Ɗaya ana aje ta kusa da talho. In talho ya yi kuka ko fuskarsa ta yi haske, sai ta aika da alama ta iska, kamar yadda rediyo ke kamo tasha. Ɗayar ta karɓa. Wata fitila ce mai walƙiya a ɗaki. Wata ƙaramin faifai ce da ake sawa ƙarƙashin matashi, ta girgiza mai barci har ya farka. Irin wannan tana da tsada, kuma an fi samun ta a ƙasashen Turai da Amurka. Kafin a kashe kuɗi, a fara gwada ta ɗaya.

Sanin an kira rabin aiki ne. Sauran rabin yana wuyan mai kira. Kada a aika wa kurma saƙon murya. A rubuta masa, gajere, da Hausa. In akwai babbar salula, a yi kiran da ake ganin juna, a yi maganar hannu. Ga tsoho mai nauyin kunne, a yi magana a hankali, daga wurin da babu hayaniya.

A nan karatu yake da rana. Kurman da ya iya karatu shi ke buɗe saƙonsa da kansa. In an aiko masa da kuɗi, shi zai fara sani. Ba sai wani ya ji asirinsa ba.

Duk gidan da ke da kurma ko tsoho, a gwada yau. A kunna karkarwa, a sa masa talho a aljihu, wani ya koma bayan darni ya kira. In ya ɗaga kai, aiki ya yi.