Tarho a bakin iyaka: a duba rezo kafin a yi kira

Kumin ta Bana tana cikin jihar Dosso, kusa da Gaya. Najeriya tana gabas. Benin tana ƙetaren kogi. Manoman Bana suna sayar da rake da rogo ta tarho. Makiyaya suna tambayar labarin ruwa da ciyawa ta tarho. Amma zaman bakin iyaka yana da tasa matsala.

Ga matsalar. Tarho yana neman rezo da kansa. In rezon gida ya yi rauni, yana iya kama na Najeriya ko na Benin. Mai tarho yana tsaye cikin gonarsa, amma kamfani yana lissafa shi kamar wanda ya yi tafiya ƙasar waje. Kuɗin kira yana ƙaruwa. Wani lokaci ko amsa kira ma sai an biya. Kredin sati ɗaya sai ya ƙare rana ɗaya.

Maganin yana da sauƙi. Kafin a yi kira, a duba sunan da ke saman gilashin tarho. In an ga Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom, to, a tabbata shi ne kamfanin da aka sayi layinsa. Airtel tana Najeriya, Moov tana Benin, saboda haka a lura da ƙaramin harafin R. Harafin yana nufin tarho ya kama rezon waje. Wanda yake so ya huta, sai ya shiga wurin zaɓen rezo. Ya cire "Automatique", ya sa "Manuel", ya zaɓi kamfaninsa na Nijar.

Sai maganar lambobi. Kowace ƙasa tana da lambarta. Ta Nijar 227. Ta Benin 229. Ta Najeriya 234. Mai kiran dillali a Kamba zai fara da 00234, ya cire sifirin farko, ya sa sauran. Mai kiran Malanbil zai fara da 00229. Tun watan Nuwamba na 2024, lambobin Benin sun tashi daga 8 sun koma 10. Ana ƙara 01 a farkon tsohuwar lamba. Wanda bai ƙara ba, ya gyara.

Makiyayi yakan shiga daji inda babu rezo. Mai sayen rago ya kira, bai same shi ba, ya tafi wurin wani. Ana iya juya kira zuwa tarhon ɗan uwa da ke gida. A buga **62*, a sa lambar ɗan uwan, a ƙare da #, a danna kira. Galibi wanda ya juya kiran shi ke biya. In ya dawo, ya buga ##002#, juyawar ta tsaya.

Mai yawan ciniki ya buga *43#. In yana magana wani ya kira, tarho zai yi ƙara kaɗan, ya ga mai kiran.

Wanda ya koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci zai iya yin waɗannan da kansa. Ya kuma taimaki maƙwabcinsa. Wanda abin ya gagara, ya kai tarhonsa wurin mai sayar da kredi ran kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.