FILIN MANOMA: Ruwan Sama Da Takin Yuriya

Da zarar damina ta kankama, an gama noman fari, sai hankalin manomi ya koma kan buhun takin da ya ajiye a zaure. To, amma ruwan da ke kai takin nan ga saiwar masara, shi ne kuma kan raba mai gona da kuɗinsa.

Yuriya ita ce mafi ƙarfi cikin busasshen takin zamani mai ba shuka naitirojin, watau sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, saboda haka buhu mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23. Sai dai tana da kwaɗayin ruwa kamar gishiri. In an bar bakin buhu a buɗe cikin Agusta, laimar iska kaɗai ta isa ta jiƙa ta, ta dunƙule. Shi ya sa ake ɗora buhu bisa katako, a ɗaure bakinsa tamau.

A gona ne maganar ta fi nauyi. Idan aka watsa ta bisa ƙasa mai danshi aka tafi, raɓa ko yayyafi ya narkar da ita ba tare da ya shigar da ita ciki ba, nan take za ta fara rikiɗa zuwa amoniya, iskar nan mai zarnin fitsari, ta bi sararin sama. Abin da ake so shi ne ruwa madaidaici, kamar milimita 10 zuwa 15, cikin kwana ɗaya ko biyu. In kuwa aka tafka shi kamar da bakin ƙwarya, sai ya wanke ta zuwa kwari.

Ko ta shiga ƙasa ma da saura. Cikin mako biyu ko uku takan koma naitiret, wanda ƙasa ba ta riƙe shi. A jigawa irin ta Daura da Gumel, ruwan marka kan tsiyaye da shi can inda saiwa ba ta kaiwa, sai a ga masara ta yi ɗorawa, mai ita yana zagin dillali, alhali kuwa takin lafiyarsa lau.

Malaman gona sun daɗe suna cewa a raba takin gida biyu: na fari mako biyu bayan tsiro, na biyu wajen mako na shida. A tona rami da tsinken itace, tazarar yatsu huɗu daga gindin shuka don kada ta ƙone, a zuba, a rufe da ƙasa.