Tufa ba ta isa shaida ba

A Amurka, inda duk jihohi 50 suka yarda mutum ya ɗauki ƙaramar bindiga a ɓoye bisa sharuɗɗa, jama'a kan ce tufa na tona asirin mai makami: riga mai nauyi cikin zafin bazara, taguwar da aka saki ta rufe ƙugu, aljihun da ya rinjaya gefe guda, ko hannun da ke yawan shafa kwankwaso. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki, domin ƙarfe yana da nauyi kuma yadi mara kauri yakan nuna siffarsa. Amma wayar hannu da walat ma haka suke kumbura aljihu, kuma wanda ya ƙware wajen ɓoyewa ba ya barin alama. A birnin New York 'yan sanda sun tare mutane sama da sau miliyan 4 tsakanin 2004 da 2012, kumburin tufa na cikin dalilan da suke rubutawa, amma cikin waɗanda aka laluba, ƙasa da kashi 2 cikin 100 aka samu da makami. Mafi yawan waɗanda aka tare baƙaƙen fata ne da 'yan Latin Amurka, wannan na cikin dalilan da suka sa kotu ta yanke hukunci a 2013 cewa salon ya saɓa wa tsarin mulki. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Amadou Diallo, ɗan Gini, wanda 'yan sanda suka harba wa harsashi 41 a 1999 alhali walat ya ciro. Jami'in tsaro ya lura da abin da mutum yake aikatawa, kada ya yanke masa hukunci da rigarsa.