Wasiƙa a Buɗe ga Maƙeran Fari da Dillalan Tsofaffin Kuɗi na Dambatta da Bichi

Tsohon kuɗi kan zo hannun maƙeri idan garma ta tono shi a gona, ko aka tsince shi a gindin kwallar tsohuwa ranar rabon gado. Yawanci anini ne mai huda ko sule, jifa-jifa liyari. Maƙeran ƙasar nan gwanaye ne, zobensu ba ya jin kunyar na Kasuwar Kurmi. Sai dai akwai gyara.

Liyari azurfa ce mai nauyin giram 28, ɗauke da hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya. Ta rasu a 1780, aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar har zamaninmu. Saboda haka dillalin da ke nuna wa baƙo 1780 yana rantsuwa cewa shekarar aka ƙera shi, ko dai bai sani ba, ko ya sani ya haɗiye. Ga shi kuwa tarihin bai buƙatar gishiri: lokacin da Baturen matafiyi Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, irin wannan kuɗi kan canzu a wuri 2,500.

Babban abin takaicin shi ne guga. Ana dirje kuɗi da toka da lemun tsami, wani har da ruwan batir, sai ya yi fari fat, hancin sarauniya ya shafe. Masu tara kuɗin zinariya na Turai ba sa haka. Fulorin da Florence ta fara bugawa a 1252 da dukat na Venice na 1284, kowanne giram uku da rabi, darajarsu tana zubewa da zarar an ga sawun guga. Wani kaso na zinariyar ma daga Afirka ta Yamma ya haye Sahara.

A zamanin da, maƙera sukan jefa liyari a kan dutse su saurari amonsa, su ɗora a ma'auni, su juya gefensa. Su ma sun narkar, gaskiya ne, amma a lokacin liyari na yawo a kowace kasuwa. Yau yaro ko kallon kirki bai yi masa ba sai cikin wuta, wanda ya tsira kuwa sai toka. Wannan ɓarna ce, ba ƙira ba.

A yi haƙuri da kaushin harshe, Allah ya ja zamanin Sarkin Maƙera. Abin da aka tono a ɗauraye shi da ruwa kawai, a naɗe a busasshen ƙyalle, a rubuta gonar da ya fito, a kai wa ma'aikatan Gidan Makama su duba kafin a yi ciniki.