Romo Muka Ji, Ina Naman?

  

Malaman balaga sun karantar da mu cewa zance iri biyu ne, haƙiƙa da majazi, kuma ba a kamanta wani abu da wani sai da fuskar kama tsakaninsu. To, masu mulki gwanayen majazi ne in sun zo batun tattalin arziki. Wajibinmu ne mu bi kowane misali nasu har ƙarshensa.

Tun 1999 ake yi mana alkawarin romon dimokuraɗiyya. Jama'a, ba a samun romo sai an dafa nama. Wanda ya ce maka ga romo, ya shaida da bakinsa akwai tsoka, tana kuwa cikin akushin wani.

Ran 29 ga Mayu 1999 aka soma wancan zance, ran 29 ga Mayu 2023 kuma aka janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, cikin 2024 ta wuce 1,000. Kuɗin mota ya hau, tiyar gero ta bi shi. Sai aka ce mana naƙuda ce, a yi haƙuri. Madalla. Amma fa ciki wata tara ne, in kuwa naƙuda ta yi tsawo, ana jiye wa uwa tsoro. Wanda ya ari wannan misali, sai ya gaya mana watan haihuwa.

Haka zinariyar ƙasarmu, suna kiranta albarkatun ƙasa. Albarka a lugga ita ce ƙaruwar alheri da tabbatarsa. Ga shi cikin 2010 gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a Dareta da Abare da 'Yargalma da maƙwabtansu, saboda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. An hana haƙa a 2019, an ɗage hanin a Disamba 2024. Kafin mu amsa sunan albarka, mu ga asibiti da ruwan sha tukuna.

Majazi ado ne na harshe, amma ba a ciniki da shi. Falke ba ya biyan kuɗin hatsi sai ya kwance bakin buhu. Saboda haka, Allah ya gafarta malam, in ɗan siyasa ya shigo zaure neman addu'a, a tambaye shi uku: nawa ne, yaushe ne, hannun wa zai shiga? Allah ya nuna mana gaskiya, ya ba mu ikon binta. Haza wassalam.