Kalangu a Cikin Kwamfuta: Martani ga Masu Cewa Kiɗan Na'ura Ba Namu Ba Ne

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu, tun daga Yamai har nan Akokan. Wai kiɗan rawar da samari ke haɗawa da kwamfuta hayaniya ce kawai, ba shi da asali balle tushe, don haka bai cancanci a ba shi fili a makon al'adu na lakwal ko a gidan matasa ba. A matsayina na mai koyar da Faransanci da Hausa, ina ganin wannan hukunci ya fi kowace na'ura cutar da al'adar da ake iƙirarin karewa. Mun bar ƴaƴanmu su kaɗai gaban manhajar da aka ƙera don kunnen wasu, sa'an nan mun dawo muna kukan kunnensu ya lalace.

Bari mu fara da tarihi, domin abin ya girmi ɗalibanmu nesa ba kusa ba. A 1978, shekarar da aka soma haƙar yuraniyom a ramin Akuta, wanda dominsa aka gina Akokan, Mamman Sani ya ɗauki kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa, da fiyanon lantarki ƙirar Orla ta ƙasar Italiya. Shekara da shekaru sautinsa ne ke raba shiri da shiri a rediyo da talabijin, kuma babu dattijon da ya ce an ci amanar gargajiya. A 2008 Mdou Moctar ya je Sakkwato ya ɗauki kundinsa Anar da gangar na'ura da gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka ratsa Sahara. A 2019 wani matashin Yamai mai suna Hama ya fitar da Houmeissa, inda ya ɗinka tsofaffin karin kiɗan Sahara da manhajar FruityLoops.

Wa ya adana mana waɗannan ayyuka, ya kai su kasuwar duniya? Wani ƙaramin kamfani ne mai suna Sahel Sounds a birnin Portland na Amurka, wanda ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani a 2013. Ba laifinsa nake gani ba, namu nake gani. Mu mutanen Arlit da Akokan mun fi kowa sanin ma'anar a kwashi ɗanyen arziki a kai shi wata ƙasa a sarrafa. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe ramin Cominak, ɗaruruwan magidanta suka rasa aiki, ƴaƴansu kuma su ne ke zaune a azuzuwanmu yau. Kiɗan da duniya ke kira tekno, a birnin Detroit aka haife shi cikin shekarun 1980, lokacin da masana'antun motoci ke sallamar ma'aikata. Samari baƙar fata irin su Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson ne suka tsiro da shi a ɗakunan kwanansu, da ƴan na'urori masu arha. Garin da aikinsa ya ƙare bai kamata ya raina sana'ar da ba ta bukatar komi sai kwamfuta ɗaya da kunne mai kyau ba.

Amma fa ruwa ba ya tsami banza. Masu sukar sun ji wani abu ya ɓace cikin yawancin kiɗan samarin, kuma gaskiyarsu ne. Kuskurensu shi ne ba su tsaya sun binciki abin da ya ɓace ba. Idan yaro ya buɗe FL Studio, wadda ita ce FruityLoops ta da, kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam ya sauya mata suna a 2003, abin da zai fara gani jerin gidaje 16 ne, bugu huɗu, kowane bugu an raba shi huɗu. Yawancin kiɗanmu kuwa uku-uku yake tafiya, ko ya goya biyu a kan uku, kamar yadda kowa zai ji a takamba da tafin matan da ke kewaye da turmin tende. Haka nan manhajar ta ɗauka cewa amo 12 ne kacal tsakanin ƙaramar murya da takwararta ta sama, a jere daidai wa daida kamar haƙoran fiyano. Goge bai san wannan doka ba, zamewa yake tsakanin amo da amo. Makaɗin kalangu matse tsarkiya yake a hammata, fata ta ɗaga murya ta sauke, har ta kira sunan mutum ta yi masa kirari. Yaron da bai san ana iya sauya waɗannan ma'aunai ba zai yanke kiɗan kakansa ya cusa shi gidajen nan 16, kamar mai rage ƙafa don ta shiga takalmin aro.

Ga malamin Hausa, abin da ya fi tayar da hankali shi ne murya. Hausa harshe ne mai karin sauti. Da hawa da saukar murya muke bambanta kukan jariri da kukar miya, da wuyan riga da wuyar aiki. Manhajar Auto-Tune, wadda ta fito a 1997 daga hannun Andy Hildebrand, injiniyan da ya ƙware wajen sauraron amsa-kuwwar ƙarƙashin ƙasa don neman man fetur, aikinta shi ne ta ja murya zuwa amon da ya fi kusa. In an yi ta da lura, ado ce, kuma sutudiyoyin Kano sun mai da ita wani salo na kansu. In kuwa yaro ya sauko da shiryayyen kiɗa daga intanet ya ɗora kalmomin Hausa bisa tilas, sai ka ji gaɓar da ya kamata ta sauka ta hau, dogon wasali ya gajarce, ma'ana ta karkace. Mamman Shata ya yi shekaru fiye da 50 yana waƙa tare da kalangai, mai sauraro bai taɓa neman a fassara masa Hausarsa ba, domin kiɗan ne ke bin harshe.

Ƴan'uwana malamai, mun taɓa ganin irin wannan yaƙi. Keken rubutun da Bature ya kawo ba shi da ƙ, ba shi da ɗ, ba shi da ɓ, ba shi da ƴ. Magabatanmu ba su ce rubutun boko haram ne ga Hausa ba. Sun zauna taron Bamako a 1966 kan daidaita rubutun harsunanmu, suka buɗe makarantar gwaji ta farko da harshen gida a Damagaram a 1973, suka yi ta fama har haruffa masu ƙugiya suka samu gurbi a na'ura. Abin da aka yi wa baƙi da wasali shi ya kamata a yi wa amo da bugu. Wasu ma sun riga mu: a 2021 mawaƙin nan ɗan asalin Iraƙi, Khyam Allami, ya fitar da Leimma da Apotome kyauta, don masu kiɗan da ma'auninsu ya saɓa wa na fiyano.

Saboda haka gardamar da samari ke yi a majalisar shayi, wai FL Studio ta fi ko Cubase ko Ableton Live, gardamar sunan kamfani ce. Dukansu suna yarda a sauya yawan bugu, a kashe abin da ke daidaita bugu kan layi, a lanƙwasa amo. Ga mai zaɓe a gari irin namu, ma'auni uku nake ba da shawara. Na farko, manhajar ta iya aiki a tsohuwar kwamfuta, cikin zafi da ƙura, ba tare da intanet ba. A nan Reaper ta yi fice, ba ta da nauyi, lasisin mai ƙaramin ƙarfi kuma dalar Amurka 60 ne. Na biyu, ta iya ɗaukar muryar mutum da ganga ta gaske. LMMS kyauta ce amma ba ta ɗaukar murya, sai an haɗa ta da Audacity, wadda ita ma kyauta ce. Na uku, a samu wanda ya iya ta a kusa, domin ilimin da ke unguwa ya fi wanda ke bayan teku amfani. Wannan ne ƙarfin FL Studio a yankinmu, ga shi kuma wanda ya saya sau ɗaya ba ya sake biyan kuɗin sabuntawa. Kwafin sata da ke yawo a kasuwa kuwa, arhar da ke tafe da tsada ce: rana ɗaya ƙwayar cuta ta cinye aikin wata shida.

Nauyin da ya rage namu ne. Ƙungiya guda za ta iya haɗa kuɗin kwamfuta ɗaya da makirfo ɗaya da lasisi na halal. Ta gayyato makaɗan kalangu da gurumi da goge, da mata masu tende da imzad, ta biya su haƙƙinsu, ta ɗauki bugunsu ɗaya bayan ɗaya, kowane da sunan mai shi da yardarsa, ya zama rumbun sautin da yaran garin za su ɗiba. Malamin Hausa ya zauna da mai haɗa kiɗa ya nuna masa inda karin harshe ya karye. Cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya da ke Yamai tana da tarin kayan kiɗan gargajiya da za a nemi taimakonta. Marigayi Abdallah Oumbadougou ya taɓa buɗe makarantar kiɗa a Arlit, a lokacin da wasu ke ganin jita kayan ƴan tawaye ce kawai. Yau jitar Abzin abin alfaharin ƙasa ce.

Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kiɗan ya riga ya sauya, ko mun so ko mun ƙi, kuma daren kowane buki a Akokan shaida ne. Abin da ke hannunmu shi ne ko kalangu zai ci gaba da magana a cikinsa, ko kuwa zai koma kayan ado da ake rataya wa yara rana ɗaya a shekara don a ɗauki hoto.