FILIN SANI: Abin da ya sa ruwa ke narka gishiri amma ya ƙi mai

Kowace mace mai yin ƙuli-ƙuli ta san ruwa da mai ba su shiri. In ta zuba ruwan zafi cikin markaɗen gyaɗa tana juyawa, sai mai ya rabu ya fito. Amma gishiri, da kanwa, da takin ure, da sun shiga ruwa sai su narke. Dalilin yana cikin siffar ƙwayar ruwa.

Ɗigon ruwa ɗaya taron ƙwayoyi ne ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowace ƙwaya abu uku ne suka haɗu: oksijan ɗaya a tsakiya, hidirojan biyu a gefe. Abin da ke ɗaure su wasu ƴan mitsi-mitsi ne masu lantarki, sunansu ilektaron. Biyu-biyu suke zama, kamar shanun huɗa a karkiya. Wani masani na Amurka, Gilbert Lewis, shi ya bayyana haka a shekarar 1916.

Oksijan na ruwa yana da irin wannan karkiya har 4 kewaye da shi. Ba su son juna ko kaɗan. Kamar raguna 4 ne masu faɗa da aka ɗaure a turke guda, kowane yana ja don ya yi nisa da ɗan'uwansa. Biyu suna riƙe da hidirojan. Sauran biyu ba su riƙe da kowa, kuma su ne suka fi cin wuri. Sai su tura masu riƙon zuwa gefe guda. Shi ya sa ƙwayar ruwa ba miƙaƙƙiya ba ce kamar sanda. Tanƙwararriya ce kamar gwiwar hannu. Kusurwar ɗaki digiri 90 ce, ta ruwa kuwa 104 da rabi. Masana biyu a birnin Landan, Gillespie da Nyholm, suka tsara wannan ƙa'ida a 1957.

Wannan tanƙwara ita ce kan magana. Oksijan ya fi hidirojan ƙarfin jan ilektaron. Da ƙwayar a miƙe take, da ja na dama ya kashe ja na hagu, kamar ƙarti biyu masu ƙarfi ɗaya a kan igiya. Tun da a tanƙware take, sai ta zama mai kai da gindi kamar batirin tocila. Da waɗannan ɓangarori biyu take kama gishiri, ta yage shi ƙwaya-ƙwaya. Mai ba shi da kai da gindi irin wannan. Ruwa ba ya samun wurin kama shi, sai ƙwayoyin ruwa su riƙe junansu su bar mai a waje.

Masunci na tabkin Madarumfa ya sha ganin kumfa na tasowa in ya taka laka. Yawancinta iska ce mai suna metan. Ita karkiyarta 4 duk suna riƙe da hidirojan, ja ya zo daidai ta ko'ina, ruwa ba ya riƙe ta sosai. Makiyayi kuma ya san zarnin garken awaki. Wannan amoniyak ne. Siffarsa kamar tukunya bisa duwatsun murhu 3, yana da kai da gindi, ruwa yana shanye shi nan da nan.

To, ina ruwan manomi da wannan? Yawancin maganin ƙwari da ake fesa wa wake, ko kayan lambu a Jiratawa, dangin mai ne. Wanda ke komawa fari kamar nono cikin ruwa bai narke ba, masana'anta ce ta sa masa wani abu irin sabulu don ya watsu. In ya taɓa jiki yana manne wa maiƙon fata, ya ratsa ya shiga jini. Ɗauraye hannu da ruwa zalla ba ya fid da shi duka. Sai da sabulu, don ƙwayar sabulu doguwa ce: kanta yana kama ruwa, wutsiyarta tana kama mai. Sabulun salo ma yana yi.

Mai feshi ya yi wanka da sabulu kafin ya ci abinci ko goro. A wanke tufafin feshi daban, kuma nesa da tabki da rijiya, don maganin yana kashe kifi.

Abin da ya fi muni shi ne galan ɗin magani da ya ƙare. Wasu suna ganin asara ce a yar da shi, sai su ɗauraye su zuba man gyaɗa ko nono. Ruwa bai cire maganin da ya kama jikin robar ba, amma mai zai narka shi sarai ya kai shi cikin miya. Irin wannan galan a huda shi, a tambayi malamin gona inda za a kai shi. Wanda ya ji ciwon kai, ko amai, ko yawan zufa da miyau bayan feshi, a kai shi likita maza-maza, a tafi da kwalbar maganin don a karanta sunansa.